Mai Tara Hannu a Gindin Dutse

Birnin Kudu,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga babban ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi jibi, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ƙafarka a kan hanya da kan dutse. Amin.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke shiga ta zaure ɗaya. Ni ma na yi mamakin kaina. Sau da yawa nakan zo bakin ɗakinka da niyyar magana, sai in ji na ce, "Kai, an ba awakin nan ruwa?" in juya. Bakina bai saba da kai ba. Hannuna kuwa ya saba da biro, don tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru a yini kafin in manta. To bari in bi ta inda na iya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kana cikinsa. Tambaya zan amsa. Ummanka ta gaya mini abin da ka tambaye ta shekaranjiya tana tankaɗe. Ka ce, "Umma, Malam ya bar ni in tafi Jos ne don ya yarda, ko don ya gaji da ni?" Sai ta ce ka matsa kana tare mata haske. Kada ka ga laifinta. Ita ma ɗan farinta ne kai, kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure ta. Ni zan ba ka amsa. Amma sai na bi da kai ta wasu kurakuraina tukuna, don in na miƙa maka amsar haka kawai ba za ka gaskata ba, kuma da gaskiyarka.

Ka sha ji a bakin Inna, kakarka, cewa ni ma na hau duwatsun garin nan. Gaskiya ne. Lokacin da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa, ina gab da gama firamare. Manya suna ta hirar sabuwar jiha a bakin masallaci, mu kuwa abin da ya dame mu shi ne wa zai fara hawa Goshin Sa, mulmulallen dutsen nan na hanyar Kangire da muka laƙaba wa suna. Ni na fara. Ba takalmi, na murza toka a tafin hannu, na bi tsagar da ke gefen gabas har na kai sama. Na miƙe na yi ihu kamar an naɗa ni sarauta. Sai da ihun ya ƙare na duba ta inda zan sauka, na ga babu. Hanyar da ta kawo ni ta ɓace daga sama, don goshin ya rufe ta. Abokaina suka yi ta ba ni shawara iri-iri, da suka ji kiran azahar suka watse ɗaya bayan ɗaya. Dutse ya ɗau zafi, ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya.

Wani Bafulatani mai kiwo ne ya zo wucewa. Ya tsaya, ya jingina da sandarsa, ya kalle ni ya ce, "Yaro, da ka hau, wa ka bar wa saukowar?" Ni kuwa kuka nake. Ya zagaya baya ya nuna mini inda reshen ɓaure ya kwanto jikin dutsen, ta nan na sulalo, cinyata duk ta goge. Da na zagaya dutsen kafin in hau, da na ga ɓauren da kaina.

Saboda haka, duk dutsen da za ka hau, ka zagaya shi tukuna, ka san ta inda za ka sauka. Ba dutse kaɗai nake nufi ba. A Jos za a ja ka cikin abota da ƙungiya da alkawari. Kafin ka ce to, ka duba ta ina ake fita. Wanda ya ce maka duba mafita tsoro ne, ka bar shi da bakinsa. Bai taɓa tsayawa a kan Goshin Sa da azahar ba.

Kuskurena na biyu shi ne yadda na daina. Ba faɗuwa na yi ba, ba karaya na yi ba. Magana ce guda. Na shiga sakandare, na dawo hutu da farin wandona, na biyo ta tasha. Yayana Sabo, wanda kake kira Baffa Alhaji yanzu, lokacin karen mota ne. Yana kan bodin mota yana ɗaure kaya ya hango ni, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku ba da hanya, ga gwaggon birin gidanmu, an sa masa wando an kai shi boko!" Tasha ta kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don kada a ga ta shige ni. Daga ranar ban sake ɗora hannu a dutse ba.

Shekarun baya na haɗu da ɗaya daga cikin waɗanda suka yi dariyar, yana sayar da kankana a Gwaram. Na tuna masa. Ya yi ta tunani, ya ce, "Wallahi Malam Ɗanlami ban tuna ba. Yaushe aka yi haka?" Ka ji fa. Abin da na fi iyawa a duniya na ajiye shi saboda dariyar mutanen da ba su ma riƙe ta har yamma ba.

Za a yi maka irinta, an ma fara. Na ji ana ce maka ƙadangare, na ji ana cewa ɗan Ɗanlami aljanun dutse sun shafe shi. Su faɗa. In wata rana ka ga hawan nan ya ishe ka, ko jikinka ya ƙi, ko ka sami abin da ya fi shi a ranka, ka bari, ba wanda zai tuhume ka. Amma ya zama kai ka bari. Kada wani da ke kan bodin mota ya bari a madadinka.

Na ce na daina, amma hannu ne ya daina, ido bai daina ba. Ka san Tulun Gwaggo, dutsen bakin hanya mai tulluƙeƙen ciki. Aikina na malamin gona yana kai ni Gwaram da Basirka, kuma ban taɓa wuce dutsen nan a babur ban sassauta ba. Na yi shekaru ina hawansa a zuci. Hannun hagu a tsaga, dunduniyar dama a ɗan tudun nan, a ɗaga jiki, a miƙa dama a kama baƙin gurbin da ke saman cikin. Har zana shi na yi. Na tabbata na fi kowa sanin Tulun Gwaggo. Bara, bayan ka riga ka cinye shi, na ji kana gaya wa abokinka a zaure cewa baƙin gurbin nan ba gurbi ba ne, tabo ne kawai da ruwan sama ya bari, sumul yake kamar faranti. Ina ɗaki na ajiye biro. Hanyar da na yi shekaru ina taƙama da ita a raina, ashe a tsakiyarta babu abin kamawa.

Haka nake a komai, ka sani. Ina auna abu har lokacinsa ya wuce. An taɓa ba ni damar ƙarin karatu, na yi ta lissafin amfani da illa har aka rufe karɓa. Kada ka gaje ni a nan. Ka duba, ka zagaya, ka yi tunani, sannan ka tashi ka sa hannu. Abin da yatsa zai gaya maka cikin ƙiftawa, ido zai yi shekaru yana yi maka ƙarya a kai.

Yanzu na zo kan kuskuren da ya sa na ɗauki biro. Kai ma ka san shi, don a jikinka yake.

Washegarin Babbar Sallah ne, da hantsi. Ba ka wuce shekara goma sha huɗu ba. Mun fito gaisuwar Sallah a ƙafa, ni da Baba, kakanka, da Baffa Alhaji, da wasu dattawan unguwa. Muka biyo ta Tulun Gwaggo, sai ga ka manne a cikinsa, ka naɗe sabon wandonka har gwiwa. Sauran suna ganin yaro yana wasa ne. Ni kaɗai na san abin da nake gani. Ƙafarka ta hagu tana rawa, gwiwar hannunka ta buɗe, kanka yana waige-waige. Na san za ka faɗo, na san ma ta gefen da za ka faɗo. Na riga na sauka daga hanya, hannuwana sun fito daga babbar riga. Taku kaɗan ya rage.

Sai Baba ya yi tari.

Na tsaya cik. Na tuna gaban wa nake. Na tuna kai ɗan fari ne, kuma a gidanmu uba ba ya rawar jiki a kan ɗan farinsa a gaban manya. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san yana wurin. Shi ya sa tun kana jariri aka miƙa ka ɗakin Inna, har sunanka ya koma Na-Inna. Na mai da hannuwana baya, na harɗe su.

Ka faɗo a kan hannunka na hagu. Har yau ina jin ƙarar. Baffa Alhaji ne ya yar da hularsa ya ruga ya sunkuce ka, shi ya ruga da kai gida ya sa ka a motarsa ya kai ka wurin mai ɗori a Gwaram. Da ya saɓa ka a kafaɗa, fuskarka tana kallon baya, wato tana kallona. Ba ka yi kuka ba. Kallona kawai ka yi, ka kalli inda hannuwana suke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabon da aka yi mini. Ɗaya daga cikin dattawan ya dafa ni ya ce, "Kai, Ɗanlami ɗan halak ne. Ɗansa ya faɗo a gabansa, ko gezau. Irin wannan kunya ta yi wuya a yaran yanzu." Aka yi ta maimaitawa a unguwa har sati ya zagayo. Ina amsa gaisuwar yabo, kai kana kwance da karan ɗori a hannu.

Ka saurare ni da kyau a nan, don ba cewa nake ka zubar da kunya ba. Ka durƙusa wa manya. Ka sassauta murya a gaban wanda ya girme ka. Kada ka miƙe ƙafa a inda ake tanƙwashe ta. Da wannan aka san mu, kuma ina so a san ka da shi a Jos. Amma in mutum yana faɗowa, babu kunya a wurin. Ɗanka ne, maƙiyinka ne, Musulmi ne, Kirista ne, ka fitar da hannunka. Duk wanda zai yi tari ya yi.

Da hannunka ya warke, sai na ƙara wani kuskuren a kan wancan. Na aika Ummanka ta gaya maka na hana ka hawan dutse. Ko faɗa maka da bakina ban yi ba. Na ɗora wa dutse laifin da hannuna ya yi, don ya fi sauƙin ɗauka. Kai kuwa ba ka daina ba, wuri ka canja. Ka koma duwatsun da ke can bayan Kangire, inda ba mai ganinka, kai kaɗai, ba kowa a ƙasa. Da ka faɗo a can, da sai dai masu kiwo su tsince ka. Ina zaune a gida ina ganin na tsare ka, ashe tura ka na yi inda ya fi haɗari. Na gane haka ne daga yatsunka da suke kullum a fashe, amma na yi kamar ban gani ba, don in na gani sai na yi magana.

Allah Ya kawo Malam Bitrus, malaminku na kimiyya, mutumin Filato. Ranar da na fara ganinku tare, ina dawowa daga Basirka ne da yamma. Na hango mutane biyu a Tulun Gwaggo, na kashe babur na gangaro. Kana sama, daidai inda ka taɓa faɗowa. A ƙasa an shimfiɗa tsofaffin katifu biyu da aka ɗinke cikin buhu. Shi kuma yana tsaye a bayanka, ƙafa a ware, hannuwa biyu a sama kamar mai roƙon ruwa.

Na yi sallama. Bai juyo ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yi haƙuri, ba zan iya dubanka ba sai ya sauko."

Ban taɓa jin maganar da ta kunyata ni irin wannan ba, kuma shi bai san ya yi ba.

Da ka kai sama ka ga ni ne, ka sauka ta baya ka sulale gida. Muka zauna da shi a kan katifar. Na ce, "Malam, wannan wasan yara ne kake ɓata lokacinka a kai?" Ya ce a'a, wasa ne na manya, har gasa ake yi a duniya. Ya ce asalinsa daga masu hawan manyan tsaunuka da igiya ne a ƙasashen Turawa. In ba su sami zuwa tsauni ba, sai su yi ta gwaji a ƙananan duwatsu na kusa da gida don yatsu su yi ƙarfi. Da tafiya ta yi tafiya, wasu suka ga ƙaramin dutsen ma yana da wuyar da ta ishe su, suka ajiye igiya, suka riƙe shi shi kaɗai. Ba tsawo ake nema ba, wuya ake nema. Na ce, "To ai mu ma mun yi wannan muna yara, da toka a hannu. Ba mu san yana da asali ba." Ya yi dariya ya ce, "Ku ma asali ne, Malam. Katifa kawai kuka rasa."

Na tambaye shi hannun da yake ɗagawa, ko cafe ka zai yi. Ya ce, "Wa zai iya cafe wannan ƙaton? Ba cafewa ake ba. In ya taho, sai in bi ƙugunsa in karkata shi kan katifa, in tare kansa kada ya bugu. Zai faɗi dai, dole ne, kowa yana faɗuwa. Aikina kada ya faɗi shi kaɗai." Ya ce mai tara hannu ba ya hawa, ba a tafa masa, amma in babu shi mai hankali ba ya hawa.

To ga shawarata a kan wannan, kuma ita ce babba. Kada ka sake hawa kai kaɗai, ko dutsen bai fi katanga ba. Kuma ka zaɓi wanda zai tsaya maka. Kada ka zaɓe shi don zaƙin bakinsa ko don garinku ɗaya. Ka lura da shi lokacin da yake tsaya wa wani. In waya ta yi ƙara a aljihunsa ya kai hannu, ba shi ba ne. In babban mutum ya zo wucewa ya juya gaisuwa, ba shi ba ne, ko da ubanka ne. In kuma layi ya zo kanka, ka tsaya wa wani kamar yadda kake so a tsaya maka.

Ka ji an yi zama a kanka ranar Lahadi a zauren Baba, amma ba ka ji abin da aka faɗa ba. Gara ka ji daga gare ni.

Baffa Alhaji ne ya fara. Ya ce, "Ɗanlami, lafiyarka kuwa? Yaro da ƙarfinsa, ga mota ina neman wanda zan damƙa wa ya riƙa yi mini Kano, ka ce ya tafi Jos hawan dutse? Dutsen ƙarewa ya yi a Birnin Kudu?"

Na ce, "Walda zai koya, Yaya, a shagon ɗan'uwan Malam Bitrus."

Ya ce, "Waldar ƙarewa ta yi a Kano?"

A da, nan zan yi shiru in ce yadda kuka gani. Na ji shirun yana tahowa, na san ɗanɗanonsa. Sai na ce, "Ba ta ƙare ba. Gaskiyar ita ce dutsen ne zai kai shi, can masu yin abin suke. Waldar don ya ci abinci ne."

Ya tafa hannu ya ce, "Kun ji ko! In ya faɗo ya karye a garin da ba shi da kowa fa?"

Na ce, "A garin da yake da kowa ma ya faɗo ya karye, Yaya. Kai ka ɗauke shi."

Ya ce, "Me mutane za su ce? A ce jikan gidan nan sana'arsa hawan dutse kamar biri?"

Na ce, "An taɓa faɗin haka a tasha, na bari. Wannan karon a faɗa har a gaji. Zai tafi."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai da ko sunansa ba ka iya faɗa, yau kai ne mai tsaya masa?"

Wannan ta same ni. Na buɗe baki in faɗi sunan a wurin, wallahi ya ƙi fita. Sai na juya wajen Baba na ce, "Baba, ka yafe mini. Ranar nan da ka yi tari na janye hannuna, na bi umarninka. Yau ba zan janye ba."

Baba ya ɗago ya ce, "Wane tari?"

Na tuna masa. Washegarin Sallah, Tulun Gwaggo. Ya murza carbi, sannan ya ce, "Goro ne ya sarƙe ni, ɗan nan. Ni da na ga ka mai da hannu baya, cewa na yi a raina, wannan wane irin ɗa na haifa? Sai na ji mutane suna yabonka, na ja bakina."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Shekara da shekaru ina ganin biyayya na yi, ashe ba wanda ya umarce ni. Ni na ba kaina umarnin, na sa shi a bakin tsoho. Ka riƙe wannan ma. Da yawa daga abin da kake tsoron mutane za su ce, kai ne kake faɗarsa a madadinsu.

Baba ya rufe zaman da kansa. Ya ce, "Na-Inna ya tafi. In ya gama da duwatsun Jos ya dawo ya hau ni, ni ma na kusa zama dutsen." Baffa Alhaji ya shuri takalmansa ya fita, har yau gaisuwa sama-sama muke. Wannan tsakanina da shi ne, ba ruwanka. Kafin ka tafi ka je gidansa, ka durƙusa ka yi masa sallama. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai, kada ka mayar. Ka tuna ranar da ubanka ya harɗe hannu, shi ne ya yar da hula ya ruga. Tsoro ne yake sa shi faɗa, irin tsoron wanda ya taɓa ɗaukar ka a karye.

Ba zan ɓoye maka ba, ban tabbata na yi daidai ba. Mai yiwuwa abin nan ba zai kai ka ko'ina ba. Mai yiwuwa ka dawo bayan shekara biyu da fasassun yatsu, Baffanka ya ce ai ya faɗa. Na auna wannan har kaina ya yi ciwo, kamar yadda na saba. Amma na gwada ɗaya hanyar da kaina, ta barin abu don a zauna lafiya da mutane, na san inda take kaiwa. Tana kai mutum ya riƙa sassauta babur a gaban dutse yana ɗan shekara arba'in da wani abu. In kuskure ne tafiyarka, to namu ne ni da kai, mun yi shi da idonmu a buɗe, kuma ba wanda zan ba haƙuri a kai.

Sauran ƙananan abubuwa. Kada ka yi wasa da salla, Malam Bitrus ya ce akwai masallaci kusa da shagon. Mutanen da za su riƙe ka ba addininku ɗaya ba, ka girmama su a gidansu kamar yadda ya girmama mu a garinmu. An ce Jos da sanyi, hannun nan na hagu zai riƙa yi maka tsami, ka riƙa shafa man zafi kafin ka hau. Kada ka hau jiƙaƙƙen dutse don an zuga ka. In ka tarar da zanen mutanen da a jikin dutse, irin na kogunan garinmu, ka nemi wani wurin, kada ka taka. Ka riƙa kiran Ummanka a waya. Ba za ta ce komai ba sai "to, to, Allah Ya yi albarka," amma ka kira.

Yanzu ga amsar tambayarka. Ban gaji da kai ba. Ban taɓa gajiya da kai ba. Na yarda ne don na ga yadda kake hawa, na san abin da nake gani, kuma ban taɓa ganin mai yi kamarka ba. Tun kana goye a bayan Inna nake satar kallonka, ba wanda ya kama ni.

Amma takarda ba ta isa ba, na sani. Saboda haka gobe Juma'a da hantsi, lokacin da hanya take cike da masu tafiya gona, ka same ni a Tulun Gwaggo. Na riga na karɓo katifun a wurin Malam Bitrus, suna ɗaure a bayan babur. Na ce masa ya huta, gobe ba shi zai tsaya ba. Ya nuna mini yadda ake ware ƙafa da inda ake sa ido, na gwada a tsakar gida har ƙannenka suka yi ta dariya. Zan tuɓe babbar riga in rataye. Duk wanda ya zo wucewa ya yi sallama, zan ce masa ya yi haƙuri, ba zan iya dubansa ba sai ka sauko. In ka sauko kuma kana da sauran ƙarfi, ka tara mini ni ma. Na yi tumbi, ba zan wuce tsagar farko ba, amma ina so in taɓa tabon nan da yatsana ko da sanda ce za ta kai ni.

In ba ka zo ba, ba zan ga laifinka ba. Zan jira har rana ta take.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin baki. Allah Ya ƙarfafa yatsunka, Ya sa duk inda ka faɗo akwai hannu a ƙasa. Allah Ya yi maka albarka, Haruna.

Ga shi na rubuta. Gobe zan faɗe shi da baki, da ƙarfi, a bakin hanya.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanlami.